Malaman makarantar kasuwanci, kuɗin kamfe, da wani layi da na rubuta a kaye

Ƙanena da ke karatun mastar na kasuwanci a Amurka shi ya tono mani maganar nan ranar Juma'a da dare, muna hira ta WhatsApp ina zaune ƙofar gida nan Ali Ɗan Sofo, shayi bisa gawayi, sai ya ce Yaya kana son ka ga nawa malaminmu na lissafin kuɗi ya ba 'yan siyasa? Na ce kai ina ka sani, ko shi ya gaya maka? Ya ce a'a, a rubuce yake kowa na iya gani. Ya aiko mani hoton allon kwamfutarshi, ga sunan mutumin, ga garin da shike zaune, ga sunan jami'ar da ke biyanshi albashi, ga aikinshi an rubuta farfesa, ga ranar da ya bada kuɗin da wanda ya ba da nawa ya bada, layi layi kamar kayen bashi na mai kanti. Na daɗe ina kallon hoton nan har shayin ya tafasa ya zube.

Ni aikina riƙe littafin kuɗi, kwantabil kamar yadda muke cewa, shekara 14 ke nan ina yi ma 'yan kasuwa wanga aiki cikin garin Maradi, shi ya sa abin ya taɓa ni ta wurin da bai taɓa shi ba. Shi abin da ya ba shi mamaki wace jam'iyya malaman sunka fi ba, ni kuwa abin da ya hana ni barci shi ne yadda anka yi har anka rubuta.

Ga yadda abin yake can. Akwai hukuma ta tarayya mai kula da kuɗin zaɓe, FEC suke ce mata, an kafa ta a 1975 bayan abin kunyar Watergate da ya sa shugaba Nixon ya sauka a 1974, don cikin binciken ne anka gano kuɗin kamfe na ɓoye masu yawa da anka riƙa juyawa. Doka ta ce duk ɗan takarar kujerar tarayya, da jam'iyya, da kwamitin siyasa, sai ya kawo lissafin abin da ya karɓa, kuma duk wanda abin da ya bada ya haura dala 200 sai an rubuta sunanshi da adireshinshi da sana'arshi da inda shike aiki. Dalar Amurka nike nufi fa, ba dalarmu ta sefa ba, dala 200 ɗin nan ta haura jika 100 a kuɗinmu. Akwai kuma iyaka, a zaɓen 2024 mutum guda ba ya ba ɗan takara guda fiye da dala 3,300 a zaɓe guda, wajen miliyan 2 ke nan na sefa, zaɓen fidda gwani daban babban zaɓe daban, a 2025 anka ƙara ta koma 3,500. Baƙo irin ƙanena mai bizar karatu ba shi da damar bada ko sisi, haramun ne a dokarsu, sai ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin.

To tunda akwai gurbin da anka rubuta inda mutum ke aiki, sai ya zama kana iya buga sunan jami'a cikin shafin hukumar ka tara duk ma'aikatanta wuri guda, daga shugaban makaranta har mai kula da ɗakin karatu. 'Yan jarida na yin haka duk lokacin zaɓe, har jaridun ɗalibai na cikin jami'o'in, akwai ma wata ƙungiya OpenSecrets da aikinta ke nan, tara alƙaluman nan ta jera su. Abin da mutane da yawa ke kuskurewa, in sun ji an ce jami'a kaza ta ba wane kuɗi sai su ɗauka daga kes ɗin jami'ar anka ɗebo. Ba haka ba ne. Tun 1954 doka ta hana ƙungiyoyin da anka yafe ma lanho, irin jami'o'i da majami'u, su goyi bayan ɗan takara ko su ba shi kuɗi, kamfanoni kuwa tun 1907 anka hana su ba 'yan takarar tarayya kuɗi daga asusunsu. Abin da ake tarawa kuɗin aljihun ma'aikata ne, albashinsu, kowa da ganin damarshi.

A 2008 da 2012 in ka duba jerin wuraren aikin da mutanensu sunka fi ba Obama kuɗi, jami'ar Kaliforniya ce a sama, Harvard ma tana cikin na farko farko. A 2012 ɗin wanda ya kara da shi Mitt Romney ne, wanda shi kanshi a makarantar kasuwanci ta Harvard ya yi karatu, amma shi jerin nashi ma'aikatan manyan bankuna ne a sama, su Goldman Sachs. Sananne ne can cewa kuɗin malaman jami'a mafi yawanshi jam'iyyar Dimokurat shike tafiya. Ƙanena ya ce shi ya zaci makarantar kasuwanci za ta fita daban, tunda su ne masu koyar da riba da rage lanho da sakin kasuwa, kuma ana ce ma Rifablikan jam'iyyar 'yan kasuwa, amma da ya duba tasu makarantar sai ya tarar yawancin layukan can ɗaya gefen sunka karkata, sai ɗaiɗaiku. Na ce mashi ka bi a hankali da wanga lissafi, don wanda ya bada kaɗai kake gani, malamin da bai bada komi ba babu shi cikin jerin ko da shina da ra'ayi mai ƙarfi, kuma mutum guda mai hannu da shuni in ya zuba da yawa sai ya rinjayi jimillar mutum 30. Wannan ko a kayen kanti haka ne, jimilla ba ta gaya maka mutum nawa ne sunka saya.

Akwai layin da ya fi tsaya mani a rai cikin hotunan da ya aiko. Wata mata ce, an rubuta aikinta sakatariya a makarantar, dala 10 take badawa duk wata, rana guda ta kowane wata, layi bayan layi. Na tambaye shi yaya anka yi sunanta ya fito tunda ba ta kai 200 ba, ya ce ta intanet ta bada, ta ActBlue, shi ne hanyar da 'yan Dimokurat ke tara kuɗi tun 2004, 'yan Rifablikan sunka buɗe tasu WinRed a 2019, su kuma waɗannan ko dala 1 ka bi da ita ta hannunsu sai sun kai sunanka. Sakatariya, daga albashinta, tana ba ɗan siyasa.

Mu nan ai ruwa daga ɗan siyasa shike gangarowa zuwa wurinmu. Duk wanda ya ga kamfe a Maradi tun bayan taron ƙasa na 1991 ya san abin da nike faɗi, zannuwa masu hoton ɗan takara, sabulu, sukari da shayi ma fada, jika 2 na esans ma 'yan kabu-kabu su cika meting da hon, mata an kwaso su daga Tibiri da Madarunfa da Jirataawa cikin motoci a ba kowa abin goro. Talaka ba ya ba jam'iyya, jam'iyya ke ba shi, shi kuma ya san rabonshi ke nan sai bayan shekara 5. Ba na zargin tsohuwar da ta karɓi zane, wallahi ba na zarginta, wanda bai ci tuwon dare ba ba ka yi mashi wa'azin kuri'a. Tambayata ita ce kuɗin zanen daga ina sunka fito.

Na san daga ina, don ni na rubuta.

Lokacin kamfen ƙarshen 2020, kafin zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa ranar 27 ga Disamba, ina aiki wurin wani Alhaji, ba zan faɗi sunanshi ba ko irin hajar da shike sarrafawa, mutumin kirki ne a wurina ya riƙe ni kamar ɗa kuma har gobe ina gaishe shi. Wata safiya ya kira ni cikin ɗakin da ke bayan magaza, ya ce ɗana buɗe kofur ka ƙirga mani miliyan 6, ka raba biyu, 4 da 2. Na zauna bisa tabarma na ƙirga, 'yan jika goma goma, na ɗaure da roba na sa cikin leda baƙa guda biyu. Kafin azahar wani ya zo da mota ya ɗauki babbar, bayan la'asar wani daban ya zo ya ɗauki ƙaramar, kuma na san su duka, ba jam'iyyarsu guda ba, gaba suke da juna a fili. Da yamma na ɗauko kaye na ce Alhaji mi zan rubuta? Ya ce rubuta kashe-kashe. Na ce babu rasi? Ya dube ni ya ce ɗana wa ka taɓa gani ya nemi rasi ga wanda gobe shi ne gwamnati. Sai na rubuta kashe-kashe daban-daban, miliyan 6, na ja layi da jan biki.

Daga baya muna cin abinci ya yi mani bayani ba tare da na tambaya ba, ya ce kai yaro ne, ni kayana ta duwan suke bi, motocina kullum suna bisa hanyar Ɗan Isa da Jibiya da hanyar Kwanni, in na ba guda ya faɗi na shiga uku, in ban ba kowa ba duka biyun su riƙe ni a zuci, to gara in ba kowa daidai ƙarfin da nike ganin shina da shi. Wato shi ba ra'ayi ya saya ba, zaman lafiyar hajarshi ya saya. Wasu kuma da sunka fi shi ƙarfi ba zaman lafiya kaɗai suke saye ba, kwangila suke jira da sassaucin duwan, kuma in an ba su kwangilar aji ko ta rijiya ko ta hanya to a nan za su fanshe, shi ya sa kake ganin ginin da bai kai damina uku ba ya tsage. Kuɗin zanen nan tsohuwa ita ke biyansu daga ƙarshe, da ajin jikanta.

Abin da ke ci mani rai, ni a makarantar jestiyo anka koya mani, malaminmu Allah ya saka mashi da alheri kullum maganarshi guda ce, duk tamma da ta fita sai da takardar shaida, in babu takarda to ba ta fita ba sace ta anka yi. Muna da jami'a nan Maradi mai sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, ga ta Tawa, ga Abdu Mumuni a Yamai, ga makarantun kuɗi masu zaman kansu cike da gari, duk shekara ana yaye yara da sunka iya zare da abawa na lissafi, amma kuɗin da sunka fi kowane kuɗi tasiri bisa rayuwarmu, waɗanda ke yanke wa zai riƙe ƙasa, su ne ba su da kaye.

Kada wani ya ɗauka ina cewa Amurka aljanna ce a wanga fanni. Ko kusa. Tun hukuncin kotun ƙolinsu na 2010, shari'ar Citizens United, anka buɗe ƙofar kwamitocin da ke karɓar kuɗi ba iyaka muddin ba hannu da hannu sunka ba ɗan takara ba, akwai kuma ƙungiyoyin da ke kashe kuɗi kan siyasa ba tare da sun faɗi wa ya ba su ba. Elon Musk shi kaɗai ya kashe sama da dala miliyan 250 a zaɓen 2024 don Trump da jam'iyyarshi, kuma su biyun duka sun bi ta Wharton, makarantar kasuwanci ta jami'ar Pensilbaniya wadda anka kafa tun 1881, Trump a 1968 ya gama. Ka tara duk abin da malaman makarantar kasuwanci ke badawa, bai kai ƙurar abin da tsohon ɗalibi guda ya zuba ba. Su ma suna da alhazansu. Bambancin, ko shi Musk ɗin a takardun hukuma anka ga adadin.

Da na kai ma wani aminina wanga labari, malami ne shi yana koyar da tattalin arziki a wata makaranta nan garin, ban ƙarasa ba ya girgiza kai ya ce malam kada ka jawo mana. Ya ce ka san ƙasarmu, ranar da anka liƙa sunana cewa na ba 'yan adawa jika 20, wata mai zuwa takardar canjin wurin aiki za ta iske ni, a cilla ni inda sai na yi kwana biyu bisa hanya kafin in ga iyalina, ko a manta da ni wurin ƙarin girma, ko maƙwabcina shi daina amsa sallamata. Ya ce kuma ka manta waɗanda anka naɗa muƙami, da jam'iyya ke jiran kasonta daga albashinsu duk wata, wannan gudummawa ce ko haraji?

Gaskiya gare shi, kuma maganarshi ta sa na sake tunani. Su kansu Amurkawan sun bi ta nan, a da can ma'aikacin gwamnati dole ne shi yanka wani abu daga albashinshi ma jam'iyyar da ta ba shi aiki, sai a 1883 anka yi dokar da ta hana, bayan wani mai neman muƙami da bai samu ba ya harbe shugaba Garfield a 1881. Kuma a 1982 kotun ƙolinsu ta yarda ma wata ƙaramar jam'iyyar 'yan gurguzu ta ɓoye sunayen masu ba ta kuɗi, don an nuna cewa ana tsangwamar mutanenta ana korarsu daga aiki. Faransa kuwa wata hanya ta bi, tun 1995 ta hana kamfanoni bada kuɗin siyasa kwata-kwata, mutum ba ya wuce yuro 7,500 a shekara ma jam'iyyu da 4,600 a zaɓe, hukuma na ganin sunayen amma ba a baza su ma jama'a. Maƙwabtanmu Najeriya dokar zaɓensu ta 2022 ta ce mutum guda kada shi wuce naira miliyan 50 ma ɗan takara, ɗan takarar shugaban ƙasa kuma kada shi kashe fiye da biliyan 5, amma duk mai zuwa Katsina da Kano lokacin zaɓe ya san tsakanin takarda da abin da ke faruwa akwai tafiya.

Inda na tsaya ni, ba sunan malamin makaranta nike son gani ba. Malami ko sakatariya ko mai gadi da ya ba jam'iyyar da shike so jika 5 ko 10 a bar shi da sirrinshi kamar yadda anka bar mashi sirrin kuri'a, ina ma fatan ranar da za mu kai nan, talaka shi bada da hannunshi, don wanda ya ciyar da doki shi ke da bakin ce mashi tsaya. Wanda nike son a rubuta shi ne mai miliyan. A sa iyaka, daga kaza zuwa sama sai ta banki, sai da suna, sai jam'iyya ta bada rasi, kuma a ajiye wanga jeri kusa da jerin waɗanda sunka samu kwangilar gwamnati cikin shekarun da sunka biyo, kowa shi karanta da idonshi. Ina ganin ma alhazan da yawa za su ji daɗi a ransu, don irin uban gidana na da, da akwai doka mai haƙori da ya ce ma mai leda yi haƙuri iyakata ke nan, doka ta ɗaure mani hannu.

Yanzu dai babu jam'iyya a ƙasarmu Nijar, tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 anka dakatar da harkokinsu, a Maris 2025 anka rushe su gaba ɗaya, to wani zai ce mi ya kawo wagga magana yanzu. Ni kuwa gani nike yanzu ne lokacinta, tun ba a san wa zai tsaya ba, tun babu wanda zai ce don shi anka yi. In an jira sai an buga gangar zaɓe kowa ya riga ya san aljihun da shike dogaro da shi, ba mai yarda a leƙa. Kuma waɗanda ya kamata su fara zama su tsara yadda kayen zai kasance su ne malamanmu na jestiyo da lissafin kuɗi, sana'arsu ce, sun fi ɗan siyasa sanin ta inda kuɗi ke zurarewa.

Na gaya ma aminin nawa haka muna tsaye bakin babbar kasuwa, ya yi shiru, can ya ce in dai daga miliyan za a fara ba daga jika 20 ɗina ba to zan sa ɗalibaina su gwada zana fom ɗin a matsayin aikin gida, mu ga gurbi nawa zai ci. Na ce mashi in sun zana a kawo mani in duba, kuma kada su sa gurbin kashe-kashe daban-daban.